Kallon Tsuntsaye Ba Laifi Ba Ne

Hausawa sun ce zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya. Ran 25 ga Mayu, 2020, a lambun Central Park na birnin New York ta Amurka, wani baƙar fata mai suna Christian Cooper, wanda tun yana yaro yake sha'awar kallon tsuntsaye, ya roƙi wata mata ta sa wa karenta igiya, kamar yadda dokar wurin ta tanada. Sai ta kira 'yan sanda, wai yana yi mata barazana. Da bai ɗauki hoton abin a wayarsa ba, Allah kaɗai ya san ƙarshen maganar, domin a wannan rana ce ɗan sanda ya kashe George Floyd a Minneapolis.

Mai kallon tsuntsu ba shi da aiki sai sammako, da laɓewa cikin kurmi, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Ga wanda bai sani ba, wannan kamannin ɗan leƙen asiri ne. To, matashin da aka tsare sau ɗaya, aka yi masa tambayar ɓarawo, da wuya ya sake fita, ilmin tsuntsaye kuwa ya yi hasarar ɗalibi. Saboda haka ya kamata a tambaya kafin a yi kururuwa, gama matambayi ba ya ɓata.