Taswirar 1971 Ba Ta Isa Ta Yanke wa Kejun Iyaka Ba

Duk wanda ya tambayi inda ƙasar Kejun take a Amurka, amsa ɗaya ake miƙa masa: wani zane mai kusurwa uku a kudancin jihar Luwiziyana, gundumomi 22 daga cikin 64 na jihar, da sunan Acadiana a samansa. Ita ce a allunan bakin hanya, ita ce a takardun masu yawon buɗe ido. Taswirar kuma tana tafe da labarinta, wai Kejun su ne jikokin Faransawan da Ingila ta kora daga Acadie, kuma iyakarsu ke nan. Ƙasa ɗaya, jini ɗaya. Na daɗe ina jin wannan amsa, kuma ban yarda da ita ba. Ta bar 'yan gida a waje, ta kuma rufe waɗansu 'yan gidan da mayafin da ba nasu ba.

Korar ta faru, babu mai musunta. A 1755 muƙaddashin gwamnan Ingila a Nova Scotia, Charles Lawrence, ya ba da umarnin kwashe manoman Acadie da ke yankin saboda sun ƙi yi wa sarkin Ingila rantsuwar biyayya mara sharaɗi. Aka ƙona gidaje, aka lodi mutane a jiragen ruwa, aka warwatsa fiye da 10,000 cikin 'yan shekaru, dubbai suka mutu a hanya. A 1765 Joseph Broussard, wanda ake kira Beausoleil, ya iso Luwiziyana da mutum kusan 200, lokacin ƙasar tana hannun Sifaniya, suka sauka a bakin rafin Teche. A 1785 jirage bakwai suka kawo kusan 1,600 daga Faransa. Jimillar waɗanda suka iso ba ta wuce kusan 3,000 ba. Sunan Kejun kansa kalmar Acadien ce, wato ɗan Acadie, da baki ya tauna har ta gajarce.

Ita kuwa taswirar, jiya-jiya aka haife ta. A 1971 majalisar dokokin jihar ta zartar da ƙudurin da ya ware gundumomin 22. Sunan Acadiana ma daga kuskuren rubutu ya fito, a wata takarda da aka aika wa wani gidan talabijin na garin Lafayette a farkon shekarun 1960, gidan ya ga sunan ya yi daɗin faɗi ya riƙe shi. Mutane sun yi shekara 200 suna noma, suna kamun kifi, suna aure da biki kafin wani ya ja wannan layi.

Ba na zargin waɗanda suka ja shi da mugun nufi. Sun fito ne daga zamanin wulaƙanci. Tsarin mulkin jihar na 1921 ya mayar da Ingilishi harshen makaranta shi kaɗai, yaron da Faransanci ya suɓuce masa a fili sai a sa shi ya durƙusa a kan ƙwayar masara, ko ya cika takarda da alkawarin ba zai ƙara ba. Waɗannan yara suka girma suka ƙi koya wa 'ya'yansu harshen, don kada su ma su sha abin da suka sha. Da aka kafa hukumar CODOFIL a 1968 ƙarƙashin James Domengeaux don farfaɗo da Faransanci, ana neman tuta da suna da wurin da za a nuna a ce ga namu. Taswirar ta yi wannan aikin. Laifin na waɗanda suka zo daga baya ne, suka ɗauki abin da aka yi don ɗaga kai suka mai da shi awon tantance wane ne ɗan gida.

A fara da yamma. Layin ya tsaya a kogin Sabine domin nan ikon majalisar Luwiziyana ya ƙare. Mutane ba su tsaya a nan ba. Tun da aka haƙo mai a Spindletop a 1901, iyalan Kejun suke tsallakawa Teksas neman aiki a matatun mai na Port Arthur da Beaumont, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma wuraren ƙera jiragen ruwa na garin Orange suka ja waɗansu dubbai. Sun tafi da tukwanensu da gogensu da harshensu. Harry Choates, mai gogen da ya sa waƙar Jole Blon ta zagaye Amurka, a Port Arthur ya tashi, a Houston kuma aka naɗi faifan a 1946. Waƙar da ake yi wa kirari da taken Kejun ke nan. Wace irin taswira ce za ta karɓi waƙar ta bar garin da ya reni mawaƙin a waje?

Sai batun jini. A je Mamou ko Ville Platte, garuruwan da kowa ya yarda cibiyar al'adar ne, inda ake fara kiɗa da rawa tun safiyar Asabar, inda mahaya dawaki ke bin gida-gida ranar bikin Mardi Gras suna roƙon kaza. A karanta sunayen da ke jikin shaguna: Fontenot, Guillory, Vidrine. Kakannin waɗannan gidaje ba su bi ta Acadie ba. Faransawa ne da suka zo ta wasu hanyoyi, waɗansu ma sojoji ne. A gangara gabas a tarar da Schexnayder da Toups, jikokin manoma masu jin Jamusanci da suka zauna a bakin kogin Misisipi tun shekarun 1720. A New Iberia ga Romero da Segura, waɗanda kakanninsu suka zo daga Malaga ta Sifaniya a 1779. Dukansu yau Kejun suke kiran kansu, kuma gaskiyarsu ce. Aure ne ya mai da su, da maƙwabtaka, da harshen da uwa ta yi wa jariri wasa da shi. Wanda ya nace sai an nuna jirgin da ya kawo kakan mutum, to ya shirya korar rabin masu rawar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda taswirar ta haɗiye. A cikin gundumomin nan 22 akwai baƙaƙen fata Kiriyol masu jin Faransanci, akwai 'yan asalin ƙasa irin su Houma da Chitimacha. Da aka lulluɓe yankin da suna ɗaya, aka sa wa babban zauren taron Lafayette da ƙungiyoyin wasan jami'arta sunan Kejun, Kiriyol sun fito sun yi ƙorafi, kuma suna da hujja. Amédé Ardoin, Bakiriyole mai kiɗan akodiyan, shi da Dennis McGee suka naɗi faifai tare tun 1929, waƙoƙinsa kuwa har yau su ne ƙashin bayan abin da ake kira kiɗan Kejun. A leƙa tukunyar gumbo ma a gani. Mai girki za ta tsaya tana juya gari a cikin mai a kan wuta kaɗan-kaɗan har ya yi launin ƙasa mai duhu, wannan dabarar Faransawa ce. Ta yanka kubewa ta zuba, irin wadda muke kaɗa miya da ita, wadda ta tsallaka teku tare da bayin da aka kwasa daga Afirka, har masana harshe na danganta sunan gumbo da kalmar kubewa a harsunan Bantu. In babu kubewa, ta barbaɗa garin busasshen ganyen da aka koya daga 'yan asalin ƙasa, mutanen Choctaw. Hannu uku ne a tukunya ɗaya, amma suna ɗaya kawai ake kira a wajen rabo.

Masu kare taswirar suna da magana, kuma dole a saurare su. Sukan ce in babu iyaka, sunan zai zama na kowa. Sun ga abin da ya faru bayan mai dafa abinci Paul Prudhomme ya yi tashe a shekarun 1980, inda duk abin da aka barbaɗa wa barkono, daga soyayyar kaza zuwa dankali, sai a liƙa masa sunan Kejun. Wannan ɓarna ce ta gaske. Sai dai taswirar tana nan daram aka yi ta, ba ta hana komai ba. Abin da ke raba na gaske da na kasuwa yana cikin baki da hannu: wa ke jin harshen, wa ya iya waƙar, wa ke tara dangi ranar yanka da rabon nama. Ko kotun tarayya da ta amince a 1980 cewa doka ta kare Kejun daga wariya a wurin aiki, ta yi haka ne tana sane da cewa babu wata ƙasa mai suna Acadie a taswirar duniya.

Akwai kuma dalilin da ya sa wannan gardama ba ta jiran gobe. Ƙasar da aka zana tana nutsewa. Daga shekarun 1930 zuwa yau gaɓar Luwiziyana ta rasa kusan murabba'in kilomita 5,000, saboda jingar da ta hana Misisipi zuba laka a fadama, da hanyoyin ruwan da kamfanonin mai suka haƙa, da tashin teku. Tsibirin Jean Charles, mazaunin 'yan asalin ƙasa masu jin Faransanci, ya rasa kashi 98 cikin 100 na faɗinsa tun 1955, har aka kwashe mutanensa zuwa tudu. Guguwar Rita a 2005 da Laura a 2020 sun share garuruwan gundumar Cameron, Ida kuma ta daki gundumomin Lafourche da Terrebonne a 2021. Kowace guguwa tana tura iyalai arewa ko Houston. In al'adar tana ƙarewa a bakin layin 1971, to waɗanda ruwa ya kora an kore su sau biyu.

Mu Hausawa mukan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma zangon Kumasi da unguwannin Hausawa a Sudan sun daɗe da nuna mana cewa gida kan bi mutum in ya riƙe harshensa da tukunyarsa. Kejun sun fi kowa sanin haka, domin tarihinsu da barin gida ya fara. Saboda haka ajin Faransanci da shirin rediyo da tallafin mawaƙa su bi mutane duk inda suka sauka. A rubuta sunan Kiriyol da Houma kusa da na Kejun a kan allunan bakin hanya. Yaron Port Arthur da ya tsallako Sabine da gogen kakansa kuwa, a matsa masa wuri ya zauna cikin makaɗa, kada a tambaye shi gundumarsa.