Batura takwas da suka kusa raba ni da mai gadina

Yau zan sauka daga kan manyan batutuwan da muka saba tattaunawa a wannan fili, in yi magana a kan abin da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, wato batir. Wanda ya ga abin ya yi wa shafin ra'ayi ƙanƙanta, ya yi haƙuri ya ji yadda batura takwas suka kusa sa ni zaluntar wani dattijo.

Ina da 'yar gona a wani ƙauye a ƙasar Alkaleri, ba nisa ƙwarai da dajin Yankari, inda nake kiwon awaki da tumaki. Bara da bazara sai dabbobin suka fara ɓacewa da dare, ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa ta bushe ta yi tauri, ba ta riƙe sawu. Mai gadin wurin, dattijon da ya shekara tara tare da ni, ya ce kura ce. Na yi dariya, na ce Baba, ai kura ta ƙare a ƙasar nan sai a tatsuniya. Mutanen gari kuwa kowa da nasa zargin, wasu suka ɗora wa makiyayan da ke wucewa, wasu suka riƙa raɗa mini cewa ɓarawon gida ya fi na waje sanin hanya. Daga nan wani ƙanena ya ba ni shawarar in sayi kyamarar daji in ɗana a ɓoye.

Ga wanda bai san ta ba, wani ɗan akwati ne da ake ɗaurewa a jikin itace a bar shi makonni ko watanni. Tana da wani ido mai jin ɗumin jiki. Da zarar abu mai ɗumi ya gitta a gabanta sai ta farka ta ɗauki hoto, ta koma barci. Da dare tana haska wurin da wani haske da idon mutum ba ya gani, shi ya sa hotunan dare suke fitowa fari da baƙi. Dabarar ta daɗe a duniya. Wani Ba'amurke mai suna George Shiras ya riƙa ɗana wa barewa zare da garin walƙiya, har mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906. A yau masu binciken namun daji suna amfani da irinta a gandun dajin Gashaka Gumti da ke tsakanin Taraba da Adamawa, manoma kuma sun fara gano amfaninta.

Na sayi kyamara mai tsada, domin ina son ganin gaskiya ƙuru-ƙuru. Batir kuwa, a hanya na tsaya wani kanti na ce a ba ni takwas, ƙanana, irin na rimot, masu lamba AA. Ban tambayi ko wane iri ne ba. Na ɗaure kyamarar a jikin wata bishiyar ɗorawa mai kallon makwancin dabbobin, ban gaya wa Baba ba, na koma gari.

Bayan mako uku na dawo na tarar an sake rasa awaki biyu. Na zare katin memori na zauna a mota ina duba hotuna. Daren farko zuwa na shida komai tangaran, har ƙwayar idon akuya ana gani. Daga nan hotunan dare suka fara dusashewa, suka koma baƙi ƙirin, sannan suka daina zuwa gaba ɗaya. Na rana kuwa suna nan lafiya lau har ranar da na zo. A cikinsu akwai Baba, da yamma liƙis, tsugune a gindin shinge da igiya a hannu, har sau uku. Allon kyamarar kuma yana nuna batir da sauran rabi. Sai zuciya ta fara yi mini lissafi: batir bai ƙare ba, kyamara ba ta ga komai da dare ba, mutum ɗaya ne kawai ke zagayawa wurin da igiya, kuma wa ya sani ko ya gano ta yana rufe ta da tsumma idan dare ya yi? Na bar gonar ranar ban yi masa sallama ta kirki ba.

Allah Ya taimake ni, kafin in yanke hukunci na biya wurin wani mai gyaran rediyo da muka daɗe tare. Ya ciro baturan, ya ɗora su a mita ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni ya ce, "Alhaji, kyamararka ba a rufe ta ba, yunwa ce ta makantar da ita."

Ga bayanin da ya yi mini, wanda daga baya na bi diddiginsa na tabbatar. Da rana kyamarar wuta kaɗan take sha. Da dare kuwa dole ta kunna fitilunta gaba ɗaya a lokaci guda, wannan kuma jan wuta ne mai ƙarfi. Batirin alkalin, irin wanda na saya, yana farawa da ƙarfin bolt 1.5 ko sama da haka kaɗan, amma tun daga ranar farko yake gangarowa a hankali. Idan ya yi rabi, ya isa ya ɗauki hoton rana, amma da an nemi ya kunna fitilu sai ƙarfinsa ya faɗi warwas, hoto ya fito baƙi, ko kyamarar ta ɗauke kafin ta adana shi. Idan ya huta zuwa safe sai ya ɗan farfaɗo, allo ya nuna da saura. Kamar jakin da ke tafiya da kuzari idan ba kaya, a ɗora masa buhu ya durƙushe. Ga kuma wani aibin: alkalin da ya ƙare aka bar shi a cikin na'ura yakan zubar da ruwa mai cin ƙarfe, farin garin nan da muke gani a tsohuwar tocila, zafi kuma yana gaggauta hakan. Akwai kamfanonin da ke ƙera irin wannan kyamara, kamar Reconyx na Amurka, da ke gargaɗin masu saye su guji alkalin.

Batirin rediyo mai araha, mai baƙin gawayi a ciki, wanda ake sayarwa a kan tire, ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Kada ya kusanci kyamarar daji.

Wanda ya dace da aikin shi ne batirin litiyam wanda ba a cajinsa. Girmansa ɗaya da na alkalin, amma halinsa daban. Yana riƙe ƙarfinsa kusan daidai har ya kusa ƙarewa, saboda haka hoton dare na wata na uku yana fitowa kamar na daren farko. Masu ƙera shi sun ce yana aiki daga sanyin digiri 40 ƙasa da sifili har zuwa zafin digiri 60. A nan ya kamata mu lura da wani abu. Yawancin shawarwarin da ake rubutawa a kan batirin waɗannan kyamarori, maharban barewa na Amurka ne ke rubuta su, su kuwa dusar ƙanƙara ce damuwarsu. Mu tamu damuwar rana ce. A watan Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a inuwa a ƙasarmu, balle cikin akwatin roba da rana ta daka tun hantsi. Adadi na biyu, wato 60, shi ne namu.

Litiyam yana da tsada, yakan ninka kuɗin alkalin sau da yawa, kuma shi ma yana da tasa yaudarar. Tun da ba ya gangarowa a hankali, allon kyamara zai riƙa nuna cike yake har ana gobe zai mutu. Don haka ba a dogara da allon. A rubuta ranar da aka sa shi a wata takarda a manna a cikin murfi, a kuma mallaki 'yar mita. Sabo fil yana nuna kusan bolt 1.8, idan ya sauko ƙasa da 1.6 to ya kusa tafiya, ko da yake a batirin alkalin wannan adadin na sabo ne. Wannan gwajin yana kuma tona asirin jabu, domin kasuwanninmu ba su rasa batirin da aka sa wa rigar da ba tasa ba. Akwai ma gwajin da ya fi sauƙi: litiyam na gaskiya mai lamba AA nauyinsa kamar giram 15 ne, alkalin kuwa kamar 23. Wanda ya riƙe su a tafin hannu zai ji bambancin.

Wani zai ce, a wannan marra ta tsadar rayuwa, me ya hana a sayi mai caji a huta? Tambaya ce mai kyau, kuma ga wanda kyamararsa ke kusa da gida, wannan ita ce hanya. Masu caji da aka rubuta wa NiMH suna jure jan wutar fitilu sosai, ba kamar alkalin ba. Sai dai ƙarfinsu bolt 1.2 ne. Idan aka jera takwas za a samu 9.6 maimakon 12, wasu kyamarorin kuma sukan ɗauka batir ya ƙare su kashe kansu da wuri, sai a duba littafin kyamarar, ko a nemi wurin zaɓen irin batir a cikin saitinta. Na biyu, suna zubar da cajinsu ko ba a yi aiki da su ba, zafi kuma yana ƙara wannan yoyon. Tsoffin samfura sukan yi asarar kaso mai yawa cikin wata guda. An rage matsalar da irin su Eneloop, wanda kamfanin Sanyo na Japan ya fitar a 2005, yanzu kuma yake hannun Panasonic. Irin waɗannan masu riƙe caji za a nema, a sayi jeri biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jira, kada a cakuɗa su. Kuma a tuna caji yana son wuta, wadda a ƙauyukanmu baƙuwa ce.

Gargaɗi ɗaya ga masu tsince-tsince a kasuwar kayan wuta. Akwai wani batir mai caji da aka rubuta wa 14500. Tsawonsa da kaurinsa kamar AA, zai shiga ramin daidai, amma bolt 3.7 gare shi. Wanda ya jera takwas a kyamarar da aka yi don 1.5, ya ƙona ta nan take.

Sola fa? Na gwada daga baya. Ɗan faranti ne mai batir a cikinsa, ko kuma a haɗa kyamarar da babban batir mai bolt 6 ko 12, gwargwadon abin da aka rubuta a bakin ramin da ke ƙasanta. A fili, inda rana ke samun sa, yana aiki, kuma ga kyamarori masu layin waya da ke turo hoto kai tsaye kusan dole ne, domin neman sabis a inda yake da rauni yana shan batir fiye da ɗaukar hoton kansa. Amma a ƙarƙashin duhuwar itatuwa ba ya samun abinci, ƙurar hunturu tana lulluɓe shi cikin kwanaki, ɓera da biri suna son waya. Babban aibinsa a wurina shi ne ƙyalli. Na ɓoye kyamara ne don kada a gan ta, sai ga faranti yana walƙiya daga nesa yana kiran ɓarawo.

Rabin rayuwar batir kuma a hannun mai ɗana kyamarar take. Ciyawa ko reshen da rana ta gasa, iska na kaɗa shi, yana iya tayar da idon nan mai jin ɗumi. A katina na farko na ƙirga ɗaruruwan hotunan da babu komai a ciki sai reshen ɗorawa yana rawa. Yanzu ina share gaban kyamara, ina juya fuskarta kudu ko arewa don kada fitowar rana da faɗuwarta su riƙa shiga idonta, ina kuma barin tazarar rabin minti tsakanin hoto da hoto. Bidiyon dare, sai dole, domin fitilun na kunne ne har ya ƙare. Ba na haɗa sabon batir da tsoho, ba na haɗa iri biyu, saboda mai raunin cikinsu shi ne ke fara zubar da ruwa. Duk lokacin da na canja batura sai na duba kwanan wata da agogo, don wasu kyamarorin sukan manta su idan wuta ta yanke, hoton da ba a san ranarsa ba kuwa shaidarsa gurguwa ce.

Da na tsaya na yi lissafi, kuɗin da na yi tattali a kantin nan bai kai na man motar zuwa gonar sau ɗaya ba, balle kuɗin awaki biyu. Masu bincike da ke tafiyar kwanaki a ƙafa cikin tsaunukan Gashaka kafin su isa kyamarorinsu sun fi ni sanin wannan, domin kyamarar da ta mutu ba ta kawo rahoton mutuwarta, katin ne kawai zai dawo fayau, mai dubawa ya ɗauka babu abin da ya wuce.

Na sa litiyam takwas na mayar da kyamarar bishiyar ɗorawa. A dare na goma sha ɗaya, ƙarfe biyu da minti goma sha huɗu, ga ta nan a hoto, ƙatuwa, mai dabbare-dabbare, kafaɗa sama ƙugu ƙasa, ta cusa kai ta wata kafa a gindin shinge. Daidai wurin da Baba yake tsugunawa da igiya. Ashe ɗaure ƙaya yake yi yana toshe kafar, ita kuma tana dawowa ta buɗe.

Na kira shi inuwa, na nuna masa hoton kurar, sannan na nuna masa nasa, na faɗa masa abin da na yi zato, na roƙe shi gafara. Ya daɗe yana kallon wayar. Sai ya miƙo mini ita ya ce, "Allah Ya yafe mana gaba ɗaya, Alhaji. Amma shingen nan waya yake so, ƙaya ba za ta tare ta ba." Washegari muka tafi Alkaleri tare muka sayo wayar.