Warware Saƙa Ba Ɓarna Ba Ce

Idan hunturu ya kama a kwarin Rima, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke lulluɓe fadamun shinkafa tsakanin Birnin Kebbi da Argungu har alwalar asuba ta zama jihadi, sai ka ga matan da suka iya saƙa sun fito da tsinke da kwarashi, wannan tana haɗa hular jariri, waccan safa, wata kuma rigar sanyi ta ɗan makaranta. Amma duk wanda ya san cikin gida ya san cewa a ƙasan akwati akwai saƙar da aka fara aka bari, ko don yaron ya girme ta kafin a gama, ko don launin bai kwanta wa mai ita ba, tana nan shekara da shekaru, ba a ƙarasa ba, ba a bayar ba, har kyankyasai su mai da ita gida. A ganina wannan ajiya hasara ce tsantsa, kuma maganinta shi ne a warware saƙar a sake wani abu da zaren.

Na san akwai masu jin nauyin yin haka, domin sun ji cewa a Suratun Nahli, aya ta 92, an buga misali da matar da take warware zarenta bayan ta kaɗa shi ya yi ƙarfi. To, mu da muke ƙasar Malam Abdullahi na Gwandu, mai tafsirin Liya'ut Ta'wili, bai kamace mu mu ɗauki aya mu ajiye ta inda ba muhallinta ba. Maganar da ake yi a can ta warware alkawari ce da karya rantsuwa, kuma aibin waccan mata shi ne ta rushe aiki kammalalle ba tare da wata manufa ba, alhali wadda ta kwance saƙar da ba ta amfanar kowa don ta rufe kan jariri da ita, dukiyar da ta kusa salwanta ta ceto. Abin da shari'a ta yi hani da shi ƙarara shi ne almubazzaranci, kuma barin ulu mai kyau ya lalace a akwati ya fi kusa da shi.

Aikin kuwa yana da ƙa'ida, wadda in aka saɓa mata sai a ɓata rana a banza. Saƙa daga inda aka rufe ta take warwaruwa, ba daga inda aka fara ba. Saboda haka sai a fara farke ɗinkin da ya haɗa hannu da jiki, a nemo bakin zare na ƙarshe, a riƙa ja a hankali ana naɗe shi a bayan kujera. Zaren zai fito a murɗe, kamar gashin da aka tsefe daga kitso, kuma in aka saƙa shi haka aikin ba zai kwanta ba. Sai a ɗaure naɗin a wuri uku ko huɗu don kada ya harɗe, a jiƙa shi cikin ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu ba tare da cuɗawa ba, a rataye a inuwa da wani abu mai ɗan nauyi a ƙasa, in ya bushe a dunƙula. Mai sayen rigar gwanjo don zarenta kuma ta juya ta ciki ta duba ɗinkin gefe, domin in an yanka saƙar ne aka bi bakin da keke, guntaye za ta samu, kowane layi da nasa. In tana son sanin irin zaren, ta ƙona ɗan guntunsa: ulun tunkiya yana warin ƙonannen gashi ya bar toka, na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule.

Wannan na roba shi ne ya cika kasuwanninmu yau, daga man fetur ake yin sa, ba ya ruɓewa, kuma duk wanda aka yar a kwata sai damina ta kwashe shi ta kai gulbin da muke kamun kifi a ciki. Ga kuma tsada, domin tun da masaƙun Kaduna, waɗanda aka fara kafawa a 1957 zamanin Sardauna, suka durƙushe, kusan kome na sutura daga waje muke jiran sa, kuɗinsa yana bin dala. Ingila ma, da duk masaƙunta, da yaƙin duniya na biyu ya matsa ta har ta fara rabon tufafi da kati a 1941, gwamnati da kanta ta kira mata su warware tsofaffin rigunan sanyi su sake saƙawa, ba wanda ya kira shi abin kunya.

Mu kuwa ba sai mun je Turai neman darasi ba. Masuntan Kabi, waɗanda bikinsu na kamun kifi a Matan Fada ya samo asali tun ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, ba su taɓa yar da koma don ta huje ba. Zama suke yi su ɗaure idanun ɗaya bayan ɗaya. Kakanninmu mata da suka kaɗa auduga da mazari sun san wahalar da ke cikin kowane kamu na zare, shi ya sa ba sa wasa da shi.

Don haka ina roƙon cibiyoyin koyar da mata sana'a da Islamiyyun matan aure na Birnin Kebbi da Argungu su sa warware saƙa cikin darasi tun makon farko, kafin ɗaliba ta sayi ulu ko ƙulli ɗaya. 'Yan gwanjo su ware rigunan da suka yage su sayar da rahusa maimakon zubarwa. Ke kuma 'yar'uwa mai saƙa a akwati, ki fito da ita tun sanyi bai shigo ba, domin a ɗakunan haihuwa akwai jarirai bakwaini da ake sallama ba hula a kansu.