Yawan Tunani: Ciwon da Muke Ɓoyewa a Ɗakunan Kwana

Ina roƙon a sam mini fili in taɓo wata magana wadda kowa ya san da ita, amma ba mai son a fara jin ta daga bakinsa.

Duk wanda ya taɓa ratsa barandar ɗakunan kwananmu da ƙarfe biyun dare, sa'ad da jarrabawa ta gabato, ya san ba kowane mai ido biyu ne yake karatu ba. Wani littafi na buɗe a gabansa, amma tun bayan sallar isha'i bai juya shafi ba. Wani yana kwance ya zura wa rufi ido, yana lissafin kuɗin rajista, da bashin mai shayi, da abin da zai gaya wa mahaifinsa ran da sakamako ya fito. Gari na wayewa ka tambaye shi yaya aka kwana, sai ya ce lafiya lau.

Ba a kanmu aka fara ba. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa mutumin Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro na Abeokuta, ya rubuta bayanin wani hali da ya riƙa gani a wurin ɗaliban Nijeriya. Sukan zo masa da kukan zafi a ka, ko wani abu kamar tsutsa yana yawo a cikin kai, ido ya dushe, su karanta shafi su kasa gane kome. Su ɗaliban suna cewa ƙwaƙwalwarsu ce ta gaji. Yawancin likitocin da suka biyo baya sun tafi a kan cewa fargaba ce da ƙuncin zuciya suke fitowa ta jiki, tun da an hana su fitowa ta baki. Mu kuwa sai aka ƙara mana nauyi a kan nauyi: yajin aikin malaman jami'o'i na wata tara a 2020, da na wata takwas a 2022, sa'an nan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wanda ya sa kuɗin mota da na kwanon abinci suka fi ƙarfin aljihun ɗan makaranta.

In ɗalibi ya kuskura ya ce zuciyarsa ba daɗi, amsoshin da yakan samu sanannu ne. Wani ya ce ƙarancin tawakkali ne, wani ya ce iska ce, wani ya ce namiji ba ya raki. Da ya ji haka sai ya ja bakinsa ya yi shiru, wani lokaci kuma ya nemi mafita a wurin mai sayar da ƙwaya. Ba a banza gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin a 2018 ba. Da yawan masu shan sa ba shaƙiyanci ya kai su ba, barci suke nema.

Ni kaina na ɗanɗana, shi ya sa nake magana. A shekarata ta biyu na faɗi kwas ɗaya, kwas ɗin da na fi ba ƙarfi. Ban gaya wa kowa a gida ba. Da fari barci ne ya ƙaurace mini, daga baya kuma ya zamana ba abin da nake so sai kwanciya. Na bar zuwa laccar safe, na bar zuwa filin ƙwallo, abinci sai an tuna mini. Kullum ina ce wa kaina bari zuciyata ta ɗan yi sanyi, gobe in tashi in kama karatu. Goben nan ta kai kwana goma ba ta zo ba.

Akwai wani babba a ɗakinmu, tsohon malamin firamare ne da ya dawo ƙaro ilimi, muna ce masa Malam. Bai taɓa tambayata abin da ke damuna ba. Wata asuba, da muka idar da salla, sai ya ce, "Ƙanena, famfo ya ƙi kawo ruwa, ga bayana yana ciwo. Taimaka ka kama mini jarkar nan mu je rijiyar burtsatse." Na ce, "Malam, wallahi jikina ba ƙarfi." Ya ce, "Na sani. Kama dai, in ka gaji a hanya sai mu huta." Kunya ta hana ni musu. Tafiyar kamar minti ashirin ce zuwa, dawowa kuwa ta fi haka saboda nauyi. Kashegari ya sake kirana, wanshekare ma haka. A hanya ba wa'azi ba nasiha, sai labarin 'yan ajinsa na dā da tsadar takin zamani. Ran na biyar ni na riga shi ɗaukar jarka. Da muka dawo na yi wanka, na karya kumallo, sai ga ni a zauren lacca kafin malami ya shigo. Sai da aka yi hutu na lura bayan Malam ya warke daidai lokacin da ni na warware.

To, ga abin da nake son 'yan'uwa su duba. Mun ɗauka zuciya ce ke gaba, ƙafa na biye, watau sai mutum ya ji sha'awar abu sa'an nan ya tashi ya yi shi. A lokacin lafiya haka ne. Amma in ƙunci ya sauka, ƙafa ce ke shiga gaba, zuciya ta biyo sawu daga baya, tana jan jiki. Dalili kuwa a fili yake. Mai damuwa yakan janye daga abubuwan da a dā suke faranta masa rai ko suke sa ya ji ya yi abin kai, to da ya janye sai abin da ya rage masa ya zama tunani kaɗai. Fashin lacca ɗaya yana kawo sauƙi na awa guda, sa'an nan ya ninka tsoron lacca ta gaba. Masana halayyar ɗan Adam sun gina wata hanyar magani sukutum a kan wannan, inda ake tsara wa mai ciwon damuwa ƙananan ayyukan da zai yi kowace rana ko yana so ko ba ya so, kuma an gwada ta an ga tana aiki. Malam bai karanta wannan a littafi ba, shekarun da ya yi da yara ne suka koya masa.

Saboda haka a ganina al'ada ta farko, wadda sauran suke rataye a jikinta, ita ce tashi a lokaci ɗaya kullum da fita waje a motsa jiki. Jiki yana da agogonsa, hasken safiya ne kuma yake saita shi, shi ya sa wanda ya ga rana da wuri barci yakan zo masa da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako ga baligi, watau rabin awa sau biyar. Ba a ce sai da takalmin gudu ko rigar wasanni ba. Tafiya da hanzari daga ɗakin kwana zuwa tsangaya ta isa, ga kuma ribar kuɗin Keke da ya rage a aljihu. Mu Musulmi ma an riga an yanka mana yini gida biyar, kowane da alwalarsa da tattakinsa zuwa masallaci da gaisawa da jama'a, haka ɗan'uwa Kirista yana da addu'arsa ta safe da taronsa. Abin mamaki shi ne, ran da muka fi bukatar wannan tsari ran nan muke fara sakin sa, mu koma yin kome a gefen katifa.

Sai barci, wanda a nan ne muka fi zaluntar kanmu, har muna alfahari da zaluncin. Ana yi wa mai kwana a aji kallon gwarzo. Alhali kuwa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta da rana, wanda ya hana ta barci kamar mai zuba hatsi ne a buhun da bai ɗinke gindinsa ba. Baligi yana bukatar awa bakwai ko fiye. Goro da Nescafé da shayi mai kauri duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda yakan ɗauki wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jini. Goron da ka ci da ƙarfe biyar na yamma, rabin ƙarfinsa yana nan tare da kai da ƙarfe goma na dare, yana kuma ƙara bugun zuciya da rawar hannu, abubuwan da mai fargaba ya riga ya ƙoshi da su. Na san ɗakin mutum takwas ba wurin barcin kirki ba ne, wani na soya Indomie, wani na waya da budurwa. Duk da haka akwai abin da ke hannunka: ka bar goro daga azahar, ka sa wayarka a caji nesa da matashi. Labarin da za ka gani a WhatsApp da ƙarfe ɗayan dare ba abin da za ka iya yi a kansa kafin safe.

Kada kuma a raina karin kumallo. Yunwa da fargaba kamanninsu ɗaya a jiki, ko ƙosai da koko ne a sa wa ciki kafin a fita.

Akwai kuma sa'ar da abin yakan taso gaba ɗaya, a ƙofar ɗakin jarrabawa ko a gaban ofishin shugaban sashe. Zuciya ta yi ta dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, mutum ya ji kamar zai faɗi. Jiki ne ya ɗauka an shiga haɗari, ya sako sinadaran gudu ko faɗa. Abin yana da ban tsoro, amma yakan kai ƙololuwa cikin 'yan mintoci ya sauka. Ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida ko fiye, ka yi ta maimaitawa minti biyu ko uku. Sirrin yana wajen sakin, domin a lokacin fitar da numfashi ne gudun zuciya yake raguwa. Ruwan sanyi a fuska ma yana taimakawa. In kuwa fushi ne ya ciyo ka, kada ka amsa saƙon nan sai gobe. Da dare, in tunani ya hana ka sakat, ɗauki takarda ka rubuta abin da ke damunka, a gaban kowane ka sa abu ɗaya da za ka yi a kansa gobe. Wanda ba ka da abin yi a kansa, ka bar shi a takardar ya kwana can.

Na bar magana da mutane a ƙarshe don ita ce ta fi mana wuya. An rene mu a kan cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, muka manta su dai magabatan ne suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. A ƙasar Zimbabuwe, inda mutanen Shona suke kiran wannan ciwo da sunan da ma'anarsa ita ce yawan tunani, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya rasa isassun ma'aikata, sai ya horar da tsofaffin mata, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitocin Harare. Mai damuwa ya zo ya zauna, kaka ta saurare shi, su zaɓi matsala ɗaya su nemi hanyarta tare. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Mu da muka tashi da zaure da dandali da hirar bayan magariba, kunya ce a ce sai mun je Harare koyon zama a benci. Mutum ɗaya mai riƙon amana ya isa, ko ɗan ɗakinku, ko yayarki, ko limami mai fahimta.

Na san wani zai ce tafiyar safe ba ta biyan kuɗin rajista, kuma jan numfashi ba ya sa a biya albashi ran da ya kamata. Gaskiya ne. Yayyenmu da suka kama aikin gwamnati suna zaune a sakatariya da fayil a gaba da bashi a baya sun fi ni sanin haka. Ban kuwa ce mu bar neman haƙƙinmu ba. Amma wanda bai yi barci ba kwana uku ba ya iya rubuta takardar koke mai ma'ana, balle ya tsaya a gaban hukuma ya kare ta.

Wajibi ne kuma in faɗi inda waɗannan al'adu suke tsayawa. In ƙuncin ya kai mako biyu kusan kullum, ba ka jin daɗin kome, barci da cin abinci sun rikice, karatu ko aiki ya tsaya, to maganar ta zama ta likita, kamar yadda zazzaɓin da ya ƙi sauka yake zama. In kuwa tunanin mutuwa ko na cutar da kai ya fara zuwa, a ranar za ka gaya wa wani, a ranar za a kai ka asibiti, wanda aka gaya wa kuma kada ya bar mutumin shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, kuma ba ya hana addu'a, kamar yadda allurar zazzaɓi ba ta hana ta. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958 mai kiran marasa lafiya mahaukata. Doka ta sauya harshe, saura mu.

Ga shugabannin ƙungiyarmu ina da roƙo, tun da lokacin tsara kasafin zango mai zuwa ya zo. A cikin kuɗin da ake kashewa a makon ɗalibai, a ware abin da zai sayi benci huɗu a ajiye a inuwar darbejiyar da ke tsakanin ɗakunan maza da na mata. A nemi asibitin makaranta ya sa rana ɗaya a mako da ɗalibi zai iya ganin ma'aikacin da ya san wannan fanni, ba tare da ya faɗi abin da ya kawo shi a gaban layi ba. A kowane gini kuma a sami mutum biyu, irin su Malam, waɗanda in aka kwana biyu ba a ga wani a lacca ba, za su je su ƙwanƙwasa ƙofarsa.