Gyara Kayanka: In Rediyo Mai Mimori Ta Yi Shiru

A makon jiya wata uwa daga Yalwa ta kawo mana ƙaramar rediyonta, irin mai cin mimori. Ta ce ta daina waƙa, wani yaro kuwa ya ce mata sai an yi wa katin fomat. Cikin katin akwai waƙoƙin da zumuntar mata suka rera ranar bikin 'yarta, ba ta kuwa da su a wani wuri. Da ta yarda, da sun tafi ke nan, gama fomat shara ce, ba ta barin kome.

A zamanin kaset, in zare ya harɗe, biro muke sa wa mu naɗe shi. Yanzu ba a ganin ciwon da ido, sai a bi a hankali.

A fara da batir. Yawancin rediyon nan suna aiki da batir irin na tsohuwar wayar Nokia, mai lamba BL-5C. In ya kumbura, ya mutu, kada a sake sa shi a caji, a nisanta shi da wuta da yara. Daga nan a kashe rediyon, a zare katin, a goge haƙoransa masu ruwan zinariya da busasshen ƙyalle. Ƙurar hunturu ta isa ta hana shi aiki. Sai a gwada katin a wayar maƙwabci. In ya yi waƙa a can, katin bai lalace ba.

Katin uwar nan ya buɗe a waya sarai. Ashe ɗanta ne ya tura mata waƙoƙin daga WhatsApp, ya goge na dā. Muryar da aka ɗauka a WhatsApp ba MP3 ba ce, galibin rediyon nan kuwa MP3 suka sani. Wani mai tura waƙa ya juya su da kwamfuta, rediyo ta kama waƙa nan da nan.

Ga abin da za a lura da shi wajen turi. Kati mai giga 64 ko fiye yakan zo da wani tsari dabam, ƙananan rediyo da yawa ba su karanta shi. Wanda bai wuce giga 32 ba, mai tsarin FAT32, shi suka fi karɓa. Girman ma ba shi da amfani sosai: waƙar minti 4 takan ci wajen mega 4, wato kati mai giga 4 zai ɗauki waƙa kusan 1,000. Wane ne a cikinmu ya san waƙa dubu?

Akwai kuma katin jabu. An rubuta masa giga 32, cikinsa kuwa kaɗan ne. Yakan karɓi waƙoƙi ba musu, sai an je gida a tarar rabinsu ba su buɗewa. Ko a Rano kuka saya, ko a Kibiya, ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, kada ku tashi sai kun ji waƙar farko, da ta tsakiya, da ta ƙarshe a rediyonku. Arha tana da daɗi, amma kuɗin motar komawa Kano ya fi rarar.

Wani lokaci kwamfutar mai turi tana da cutar da ke ɓoye waƙoƙi, kati ya zama kamar wofi. Sau da yawa suna nan, wanda ya iya zai fito da su. Kada kuma a zare kati ana tsakiyar turi.

Mun roƙi uwar nan ta sayi kati na biyu, aka kwafe mata waƙoƙin bikin a ciki. Ta ƙulle shi a leda, ta ce za ta ajiye shi a akwati tare da takardar asibitin jikokinta.