Me ya sa ɗan kareti ke buƙatar ɗan kokawa kafin ya fahimci kata?

Da zarar an kai dawa rumbu a ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunchi da Bichi, sai kalangun dambe da gangar kokawa su fara tashi. Haka aka gada tun kaka da kakanni. Sai dai yanzu wayar hannu ta kawo wa matasan karkara wani wasan na daban. Wanda a da sai ya shiga birni ya ga kareti a fim ɗin 'yan Cana, yau yana kallon darasinsa a YouTube ko TikTok yana zaune a gindin darbejiya, har ma ya tashi ya kwaikwaya.

Abin da aka fi kwaikwaya shi ne kata, wato jerin taku da naushi da kariya da mutum ke yi shi kaɗai, bisa tsarin da ba a sauyawa. Kata tana da kyan kallo, kuma ba ta buƙatar kayan aiki ko kuɗi. Matsalar ita ce da yawa cikin masu yinta, har da wasu masu koyarwa, ba su san abin da kowane motsi ke nufi ba. Matashin da ya haddace ta a haka zai iya ɗauka ya iya kare kansa, alhali bai taɓa jin ƙarfin riƙon wani ba. Wannan ruɗin na iya jawo masa rauni ko asarar rai.

Maganin abin yana kusa. Duk mai son fahimtar kata a karkarar Kano ya nemi ɗan kokawa ko ɗan damben garinsu, su warware ta tare.

Yadda ma'anar ta ɓace

Kareti ya samo asali ne daga tsibirin Okinawa da ke kudancin Japan. A can, malami kan koyar da almajirai 'yan kaɗan, kuma kata ita ce hanyar adana darasi a jiki, yadda almajiri zai iya bita idan abokin gwajinsa ba ya nan. Fassarar motsin kuwa, wadda ake kira bunkai, wato warwarewa, ana koyonta ne da mutum biyu.

A farkon ƙarni na 20 wani malami mai suna Anko Itosu ya shigar da kareti makarantun Okinawa, ya kuma tsara kata biyar masu sauƙi da ya kira Pinan domin ɗalibai. A 1922 almajirinsa Gichin Funakoshi ya kai wasan birnin Tokyo, inda daga baya aka sauya wa waɗannan kata suna zuwa Heian. Su ne har yau ake fara koya wa mai farin ɗamara a salon Shotokan.

Koyar da aji mai cike da yara ya sha bamban da koyar da mutum uku a tsakar gida. Sai aka jera ɗalibai sahu-sahu, kowa na dukan iska bisa ƙirgen malami. Da gasa ta zo, aka mayar da hankali kan naushi da shuri daga nesa, riƙo da kaye suka koma gefe. Siffar motsin ta tsira, fassararsa ta yi rauni. Tamkar ɗalibin zaure ne da ya haddace Ahalari da Larabci, amma bai zauna gaban malam an fassara masa ba.

Su kansu masu shirya gasar duniya sun san da wannan giɓi. A gasar kata ta ƙungiya, idan aka kai zagayen neman lambar yabo, dole 'yan wasan uku su nuna bunkai bayan sun gama katar. Sai dai wannan nuni shiryayye ne, kowa ya san rawar da zai taka. Lokacin da kareti ya shiga gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, Ryo Kiyuna ɗan Okinawa da Sandra Sánchez 'yar Sifaniya suka ci zinaren kata ba tare da sun taɓa jikin kowa ba. Gwanintarsu ba abar musu ba ce, amma alƙalai sun auna kyan motsi ne da ƙarfinsa.

Hannun da ke komawa ƙugu

A ɗauki misali ɗaya. A kusan kowace kata, idan hannu ɗaya ya kai naushi, ɗayan yakan koma ƙugu a dunƙule. Ana kiran wannan hikite, ma'ana hannu mai ja. Amsar da aka saba ba ɗalibi ita ce wai yana ƙara wa naushi ƙarfi. Duk ɗan damben da ya ji haka zai yi dariya, domin wanda ya sauke hannu ƙugu a fage ya bar fuskarsa a buɗe, kuma da wuya ya ga turmi na biyu.

Funakoshi da kansa ya bayyana a rubuce cewa aikin wannan hannu shi ne cafke hannun abokin faɗa, a murɗa, a jawo shi. Ke nan hannun ba fanko yake komawa ba, yana ɗauke da hannun riga ko tsintsiyar hannun wani.

Ɗan dambe bai buƙatar a fassara masa wannan. Hannu ɗaya yake ɗaurewa da kara, wanda masu nazari ke kwatantawa da mashi. Ɗayan kuma, garkuwa, a buɗe yake, kuma ba ya zama banza. Da shi ake auna tazara, a tokare goshi, a danne hannun abokin karawa, a riƙe shi daidai lokacin da za a sauke masa. Hannu ɗaya ya riƙe, ɗaya ya buga. Abin da kata ke faɗa ke nan, kuma ana ganinsa a fili duk yamma a gidan damben Ado Bayero Square da ke Sabon Gari, ko a dandalin ƙauye da kaka.

Haka abin yake ga motsin farko na Heian Shodan, wanda ake kira gedan barai, inda ake sharo hannu ƙasa. Ana koyar da shi a matsayin tare shuri. To amma ƙashin damtse ba ya ja da ƙashin ƙwauri, kuma wanda ya gwada tare ƙafar ƙato da hannu tsagwaronsa zai nemi mai ɗori. Idan aka ɗauki motsin a matsayin fizge hannu daga wanda ya riƙe shi, ko danne hannun mutum ƙasa bayan an jawo shi, sai a ga ya zauna daidai. Ita kanta kalmar uke da ake fassarawa da kariya, asalin ma'anarta a Japananci ita ce karɓa.

Sai kuma juyin da ake yi a tsakiyar kata. An saba cewa wai mutum na juyawa ne domin fuskantar maƙiya da suka kewaye shi, kowanne na jiran layinsa. Ba a taɓa yin faɗa haka ba. Kenwa Mabuni, wanda ya kafa salon Shito-ryu, ya soki wannan fahimta tun a shekarun 1930, ya ce kusurwar da kata ke nunawa ita ce inda mutum zai koma ya tsaya game da abokin faɗansa guda. Ɗan kokawa kuwa da ya ga an lanƙwasa gwiwa, an juya ƙugu, an sauke hannu ƙasa, zai ce ai wannan kaye ne. Bai yi kuskure ba. Littafin Funakoshi na 1935 na ɗauke da hotunan kaye iri-iri, kuma a wani littafin nasa daban ya ba da labarin kokawar gargajiyar Okinawa mai suna tegumi da yara ke yi a zamanin ƙuruciyarsa. Waɗanda suka tsara kata sun taso ne sun riga sun iya kokawa, kamar yadda yaron Minjibir ko Gezawa ke tasowa.

Faɗan karkara a kusa ake yinsa

Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya shahara da nazarin ƙasar noma da ke kewaye da Kano, saboda yawan jama'arta da yadda gona ke manne da gona. Wanda ya san yankin ya san abin da hakan ke nufi. Hanya tsakanin gonaki siririya ce, lungu tsakanin danga da danga bai wuce mutum biyu ba, ranar kasuwa kuma kafaɗa na gugar kafaɗa.

Rigimar da ke tashi a irin wannan wuri, ko kan iyakar gona ce, ko kan bashi, ko kan ɓarnar dabbobi, ba ta farawa da mutum biyu sun ja da baya sun gyara tsayuwa. Da cacar baki take farawa, sai cin kwala, sai turi, sai mari. Budurwar da ke dawowa daga talla ko daga Islamiyya da magariba, abin da za ta fi fuskanta shi ne a riƙe mata hannu ko a ja mata hijabi. Shurin sama da ake yayi a bidiyo ba shi da wurin zama a nan, balle ga mai sanye da doguwar riga ko zane. Abin da ke da amfani shi ne sanin yadda za a kuɓuce daga riƙo, a ture mutum, a samu hanyar gudu. Kata cike take da wannan, in an karanta ta daidai.

Ba kowace fassara ce abar karɓa ba

Akwai masu cewa bunkai hasashe ne kawai. Waɗanda suka ƙirƙiri tsofaffin kata ba su bar cikakken bayani a rubuce ba, don haka kowane malami na iya ƙaga abin da ya ga dama ya jingina musu. Wannan suka na da ƙamshin gaskiya. Intanet cike take da fassarori masu sarƙaƙiya, da ke aiki kawai idan abokin gwaji ya miƙa hannu ya tsaya kamar gunki.

Amma Bahaushe ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Akwai tambayoyi uku da ɗalibi zai iya yi wa kowace fassara. Shin harin da ake karewa irin wanda mutane ke kaiwa ne da gaske? Shin hannu biyun duka suna aiki, ko ɗaya na zaman banza? Shin tana aiki a kan wanda ya ƙi yarda, ya turje da ƙarfinsa? Fassarar da ta faɗi ɗaya daga cikin ukun, a ajiye ta.

A nan ne karkara ta fi birni sa'a. A ƙasashen Turai masu kareti irin su Iain Abernethy na Ingila sun shafe shekaru suna dawo da riƙo da kaye cikin atisayensu. A ƙauyen Kano kuwa, kusan kowace unguwa na da saurayin da ya iya taɗiya da ɗauka tun yana kiwon awaki, ga kuma rairayi mai laushi kyauta. Abin da ya rage shi ne mai baƙin ɗamara ya sauke girman kai, ya yarda ɗan kokawa ya riƙe shi a gaban ɗalibansa. Zai sha ƙasa sau da yawa a farko, kuma kowane kaye zai nuna masa inda fassararsa ta yi rauni. Shi ma ɗan kokawar zai ƙaru, domin wasansa bai koya masa kare fuska daga naushi ba.

Wasu iyaye kuma na tsoron kada a mayar musu da 'ya'ya 'yan daba. Tsoron na da dalili, ganin yadda faɗan daba da ƙwacen waya suka addabi birnin Kano. Sai dai a wasiƙar da Itosu ya rubuta a 1908 kan manufofin kareti, ya nuna cewa an yi shi ne domin kauce wa cutarwar mugu, ba domin neman faɗa ba. Kuma sau da yawa yaron da aka kayar sau ɗari a atisaye ya fi sanin ciwon faɗa, ya fi gudunsa, a kan wanda iska kawai ya saba duka.

Inda kata ta tsaya

Wajibi ne malami ya faɗa wa ɗalibansa iyakar abin da yake koyarwa. A ƙarshen 2025 'yan bindiga sun kai hare-hare ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da Katsina. Babu katar da ke tare harsashi, kuma tsaron ƙauye aikin hukuma ne da haɗin kan jama'a. Ko wuƙa ma, wanda ya fi kowa ƙwarewa zai iya yankuwa a ƙiftawar ido. Idan ɗan ƙwace ya zaro makami ya nemi waya, a ba shi. Idan mutane sun fi ɗaya, a tuna sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Malamin da ya nuna wa yaro yadda ake ƙwace wuƙa da motsi uku masu kyan kallo, bai bambanta da mai sayar da layar ƙarfe ga wanda bai taɓa gwada ta ba.

Saboda haka, ga masu koyarwa a makarantu da ƙungiyoyin matasa: kada a ba ɗalibi sabuwar ɗamara sai ya nuna aikin motsi biyu ko uku na katarsa a kan wanda ke turjewa. A fara a hankali, a kan rairayi, a ƙarƙashin idon babba, ba tare da dukan kai ko murɗa gaɓa da ƙarfi ba. A horar da mata da za su koyar da 'yan'uwansu mata a keɓe, domin ta haka ne iyaye za su yarda. Hukumar kareti ta ƙasa da masu kula da wasanni a jihar Kano na iya haɗa masu kareti da 'yan kokawa a bita guda, abin da ba ya cin kuɗi mai yawa.

Shi kuma matashin da ke koyo daga waya, kata ɗaya da ya san aikinta ta fi masa ashirin da ya haddace. Da kakar bana, bayan an tashi daga fage, ya samu ɗan kokawar garinsu ya ce masa: "Yaya, riƙe min hannun nan da ƙarfi, kada ka saki."