SHARHI: Lasisin masu aikin wuta a Najeriya: sabunta takarda ko sabunta ilimi?

Duk lokacin da kasuwa ta kama da wuta a Arewa, tsarin abin da ke biyo baya kusan ɗaya ne. Gwamna ya je jaje, a kafa kwamiti, a buɗe asusun tallafi, sannan a ji jami'ai na cewa ana zargin wutar lantarki. An ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta lashe dubban shaguna. An ga ta babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a farkon 2021, sai kuma ta Monday Market da ke Maiduguri a watan Fabrairu na 2023. Ko mene ne musabbabin kowace ɗaya, akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba: wa ya ja wayoyin waɗannan gine-gine, wace takarda yake riƙe da ita, kuma yaushe rabonsa da ya koyi sabon abu a sana'arsa?

A rubuce, Najeriya ba ta rasa doka ba. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015 kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta ci gaba da riƙe ta, ita ke da alhakin duba ingancin aikin wuta da ba wa ma'aikata da 'yan kwangilar wayarin takardar shaidar ƙwarewa, takarda mai wa'adi da ake sabuntawa. Hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da girka kayanta tun 2015. Majalisar COREN, wadda ta samo asali daga dokar soja ta 1970, tana yi wa injiniyoyi da masu fasaha da masu sana'ar hannu rajista, kuma ta ɗaura sabunta lasisin aiki a kan shaidar ƙarin horo. Su ma 'yan kwangilar masu lasisi suna da ƙungiyarsu, LECAN.

Matsalar ita ce, wanda ya yi wayarin mafi yawan gidaje da shagunan unguwanni bai taɓa bi ta ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi ba. Yaro ne da ya yi shekaru yana ɗaukar wa maigidansa tsani da jakar kayan aiki, har aka yaye shi ya fara karɓar aiki. Da yawa daga cikinsu gwanaye ne. Sai dai iliminsu ya tsaya inda na maigidansu ya tsaya, ita kuwa sana'ar ta yi gaba.

Shekara ashirin da suka wuce, aikin gida bai wuce ƙwan fitila da fanka da soket ba, sai layin janareto. Yau kuwa, janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, da ƙarin kuɗin wuta ga rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane kilowat a watan Afrilu na 2024, da duhun da ya rufe yawancin jihohin Arewa na fiye da mako guda a watan Oktoba na 2024, sun tura jama'a ga sola. Farantan sola sun hau rufin gidaje da asibitoci da masallatai, inbata da batiran lithium sun shiga ɗakunan kwana.

Wannan sauyi yana da haɗarin da tsohon ilimi bai san shi ba. Wutar da kamfani ke kawowa tana kai da komo sau hamsin a daƙiƙa, don haka tartsatsin da ya tashi a mahaɗa yakan mutu da kansa cikin sauƙi. Wutar da ke fitowa daga farantin sola kuwa hanya ɗaya take bi. Idan mahaɗa ta yi sako-sako, tartsatsinta na iya ci gaba da ci har ya kama silin. Na'urar katse wuta da aka ƙera don layin kamfani ba lallai ta iya katse ta ba. Farantin kuma ba ya daina ba da wuta muddin akwai rana, ko da an kashe komai a ƙasa. Inbatar da aka haɗa ba tare da ingantaccen makunnin sauya layi ba tana iya mayar da wuta kan turakun titi, ta hallaka ma'aikacin da ya hau gyara bisa zaton layin a mace yake. Ga kuma wayoyin jabu da aka shafe alminiyum da jan ƙarfe, waɗanda ke ɗaukar zafi idan aka ɗora musu nauyin da asalin wayar jan ƙarfe ke ɗauka.

Saboda irin wannan ne wasu ƙasashe suka haɗa lasisi da karatu. A Amurka, ana sabunta kundin ƙa'idojin aikin wuta na ƙasa duk shekara uku, kuma jihohi da dama ba sa sabunta lasisi sai mai shi ya nuna sa'o'in da ya yi a aji. A jihar Texas sa'a huɗu ce a kowace shekara. Hikimar a bayyane take: tunda ƙa'ida na sauyawa, dole mai aiki da ita ya dawo ya ji abin da ya sauya.

Sai dai kwafo wannan tsari kai tsaye na iya zama gyaran gangar auzinawa. A ƙasar da hukumomi ke gasar tara kuɗin shiga, sabunta lasisi na iya rikiɗewa ya zama biyan kuɗi da karɓar rasit, ƙarin horo kuma ya koma taron otal na yini guda da ake raba takardar halarta. Idan aka tsananta sharuɗɗa da kuɗi, 'yan tsirarun da ke da lasisi ne za su ɗauki nauyin, marasa lasisi kuma su ci gaba da karya farashi. A ƙarshe wanda ya bi doka shi zai rasa aiki.

Mafita tana farawa ne daga faɗaɗa ƙofar shiga. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, akwai tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da ke ƙarƙashin NBTE, wanda ya amince da ilimin da aka samu a wajen aji. Cibiyar horar da ma'aikatan lantarki ta NAPTIN na da rassa a Kano da Kaduna da Kainji, ga kwalejojin fasaha a kowace jiha. Babu dalilin da zai hana a gwada mai sana'a da hannunsa, a kan allon wayarin na gaske, a kuma yi masa tambayoyi da Hausa. Wanda ya iya auna ingancin wayar ƙasa bai kamata Turanci ya kayar da shi ba.

Na biyu, lasisi sai ya zama mai amfani ga mai shi. Mabuɗin yana hannun kamfanonin rarraba wuta, domin su ke jona gini da layi. Idan aka tsaya tsayin daka cewa ba mita sai da sa hannun mai lasisi mai rai, aka kuma wallafa sunayen masu lasisin inda kowa zai duba ta waya, mai gini da kansa zai fara neman takarda kafin ya ba da aiki. Kasuwanni da makarantun kwana da asibitoci kuwa suna buƙatar dubawa lokaci bayan lokaci, domin wayar da aka ja don ƙwan fitila ba za ta ɗauki firji da injin niƙa ba.

A nan ne siyasa ta shigo. Gyaran tsarin mulkin da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, da Dokar Lantarki da Bola Tinubu ya rattaba wa hannu a watan Yuni na shekarar, sun ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Jihohi irin su Enugu da Ekiti da Ondo da Legas sun karɓi ragamar kula da tasu. Muhawarar da ake yi ta fi karkata ga farashi da masu zuba jari, alhali kowace majalisar jiha da ke rubuta dokar lantarki na da damar saka sharaɗin lasisi da ƙarin horo, tare da ware kuɗin da zai sauƙaƙa wa ƙananan masu sana'a.

Matasan da ke bibiyar zaman majalisun jihohinsu na da tambayoyi uku da za su riƙe: mutum nawa ne ke da lasisi mai rai a jihar, me ake koya musu kafin a sabunta shi, kuma wa ke duba gini kafin a ba shi wuta. Kuɗin horar da masu wayarin na shekara guda ba zai kai asarar layi ɗaya na shagunan da suka ƙone ba.